Ranar Da Aka Hana Delbert Tashi

Duk wanda ya ce maka ni na jawo wa Delbert Hoag abin da ya same shi a filin Tarwaɗa, ka turo min shi gareji mu yi magana. Ni dai lemo na saya masa, kuma har yau ban ji inda aka kama mutum don ya yi wa mijin yayarsa alheri ba.

Sunana Kip. Na bar makaranta a aji goma, lokacin da na lura malaman sun fara maimaita abin da na riga na sani. Tun daga nan nake gyaran mota a garinmu Harlan Ferry, kuma babu injin da ya taɓa yi min gardama sau biyu. Delbert kuwa ya gama karatunsa tsaf, har da takarda a jikin bango, yana sayar wa manoman masara inshora. Shi nake nunawa duk ranar da wani ya ce min ilimi na gyara mutum.

Ƙungiyar besbol ta garinmu, wasan nan da ake jefo ƙwallo a buge ta da kulki, wato Tarwaɗa, tana cikin wani ƙaramin rukuni na garuruwa takwas da ke bakin kogi. Kowane fili da katinsa na shekara, ana bayarwa kyauta a tebur kusa da ƙofa, mutum ɗaya kati ɗaya. Wanda ya tara takwas ɗin da hannunsa, ya kawo su teburin garinsu kafin a rufe kakar wasa, baɗi za a buga kati da hotonsa a saka cikin fakitin katunan 'yan wasa. A garinmu ba wanda ya taɓa yi, don masu hankali suna da aikin yi.

Ranar wata Lahadi bayan an taso coci, muna cin gasasshen nama da dankali a gidansu, Delbert ya ƙwanƙwasa kofi da cokali kamar mai ɗaurin aure.

"Marlys, kalli fuskar nan da kyau," ya ce da yayata. "Baɗi yara za su riƙa musayar ta a bayan makaranta."

"Da me za su musanya ta?" in ji Yaya, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Na ce, "Da murfin kwalba, in an samu yaro mai tausayi."

"Kai Kip, manya na magana. Ci dankalinka, tunda shi ya kawo ka."

Sai dai motarsa ta girmi aurensu, ba ta iya nisa sai da bakanike a ciki. Haka na zama direban tafiyar, shi ke sayen abinci, ni ke kallo.

Filin farko mun iske shi a kulle. Delbert ya karanta jadawalin a juye, 'yan garin sun tafi wasa wani wuri, babu kowa sai agwagi suna kiwo a ciyawa. Ya tsaya a bakin waya cikin rigar ƙungiya yana faɗa wa mai gadi cewa wannan rashin tsari ne, kuma zai rubuta wa shugabanni. Mai gadin ya ce ya rubuta, ya kuma gaishe su. Sai da muka sake komawa wani mako kafin ya sami katin.

A fili na biyu ya zo da tsohuwar safar kama ƙwallo. Tun a mota yake ba ni labarin yadda saura ƙiris a ɗauke shi wasan ƙwararru, ba don gwiwa ba. Gwiwar nan wata rana ta dama ce, wata rana ta hagu. Da aka bugo ƙwallo ta nufo wajenmu, ya miƙe ya ce kowa ya ja baya, ya ɗaga safar, ya runtse ido. Ƙwallon ta faɗa cikin kofin lemonsa ta wanke masa fuska, ta gangara gaban wata tsohuwa. Tsohuwar ta ɗauka ta jefa a jaka, ta ce masa, "Sannu da ƙoƙari, ɗana."

Na uku filin Masu Garma ne, abokan gabarmu tun zamanin kakanni. Ya zauna a tsakiyarsu da hular tarwaɗa mai gashin baki, yana koya musu yadda ake kallon wasa. Suka yi masa ruwan ɓawon gyada, har sai da Yaya ta ciro masa wani daga cikin kunne da muka iso gida. Amma a ranar ne abin ya soma. Sabon takalminsa ya matsa masa, ya cire na hagu ya ajiye a ƙarƙashin kujera, sai ga Tarwaɗa, waɗanda rabonsu da nasara har an manta, sun lallasa Masu Garma a gidansu.

A fili na gaba na ce masa, "Suruki, cire takalmin nan mu gani mana."

"Ni ban yarda da camfi ba," in ji shi, yana kwance igiyar.

Muka sake ci. Na gaba ma haka. Kafin mu gama filaye bakwai, Delbert ya daina cewa Tarwaɗa sun ci, ya koma cewa na ci musu.

Da ya tsaya nan da sauƙi. Amma akwai shagon aski, kuma Delbert in ya ji almakashi a bayan kunnensa bakinsa ba ya rufuwa.

"Ba takalmin kaɗai ba ne," yana faɗa wa masu jiran layi. "Zaman ne. In na zauna, na zauna ke nan. Ba na motsi. Waƙar zagaye na bakwai da kowa ke miƙewa, ni ba na tashi. Bayi ma ba na zuwa. Jikina na san abin da nake so, kuma yana jin maganata."

Ni da na yi tafiyar nan da shi na san bayin kowane fili ta dalilinsa, har na san wanda famfonsa ke zuba. Amma ba tarbiyya ba ce ka ƙaryata babba a gaban mutane. Sai ma na taimaka masa. Na kai labarin gidan mai, na kai shi bakin coci, na kuma tsaya takanas na kai wa Malama Opal Stroud.

Malama Opal ta koyar da duk wani mai gemu a garin nan, da iyayen wasunsu. Ta haura tamanin, tana tafiya da sanda, kuma har yau in ta yi gyaran murya magajin gari yakan gyara zama. Kujerarta a fili tana bayan ta Delbert. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Kip, wannan ne karo na farko da ka kawo min aikin gida cikakke."

Ranar wasan ƙarshe rana ta buɗe sosai, kuma da Masu Garma za a kara. Delbert ya fito cikin farar kwat da farin wandon da ya yi aure da su, maɓallin ciki ya ƙi haɗuwa da raminsa. Katunan nan bakwai na aljihun ƙirji cikin leda. Saura na garinmu, na takwas.

A bakin ƙofa muka iske Darlene, mai kula da teburin kati, tana fifita da kwali, ba ko mutum ɗaya a gabanta.

"Yawwa Delbert, miƙo bakwai ɗin in duba, in ba ka naka mu rabu lafiya."

Ya dube ta kamar ta ce ya ci abinci a tsaye. "Yanzu? A gaban wa? Ke da mai shara?"

"Katin dai ɗaya ne, ko a gaban wa."

"Darlene, ba a haka ake shiga tarihi ba. Sai an tashi waƙar zagaye na bakwai, kowa na tsaye. Zan sauko a hankali, jama'a na kallo. Na riga na gaya wa mai hoton jarida inda zai tsaya."

"To ka sani, ana gama waƙar nake naɗe tebur. Sauran katunan kuma ofis nake mayarwa a niƙe su, shi ke nan bana."

Yaya ta ce, "Don Allah karɓi abinka mu wuce."

"Marlys, ni ake jira. Ba ni ke jira ba."

Muka zauna. Yaya a damansa, ni a hagunsa, Malama Opal a baya, can bakin layi kuma Arlo Gunderson mahauci, wanda in ya zauna a ƙarshen layi to layin ya zama ɗaki mai ƙofa. Delbert ya cire takalmin hagu ya ɗaga shi sama sai da kowa ya gani, aka yi masa ɗan tafi, sannan ya ajiye. Ni kuma na kira mai lemo na saya masa babban kofi, irin wanda ake iya yi wa jariri wanka a ciki. Ana zafi, kuma mutum ne mai kwat.

Mai jifanmu a ranar, wato mai jefa wa masu bugunsu ƙwallo, wani siririn saurayi ne, Peguero, daga Dominika, yana haya a saman gidan burodi. Zagaye na farko ya sallami masu bugu uku a jere. Na biyu haka. Na uku haka. Ba wanda ya kula, ana ta cin gyada da gugguru, Delbert na zuƙar lemo yana gaya wa na gaba yadda zai tsaya a hoto. Kofi ya ƙare na sake sayo masa.

A zagaye na huɗu filin ya fara yin tsit. Har lokacin babu ɗan Masu Garma ko ɗaya da ya bugi ƙwallon Peguero ya tsira. In ya kai ƙarshen zagaye na tara a haka, ya yi abin da ba a taɓa yi a filinmu ba tun da aka kafa shi. Ka kuwa san doka. In mai jifa ya hau wannan hanya, ba a ambata, ba a nuna allon maki da yatsa, ba a canza komai. Mai tauna da hagu ya ci gaba da tauna da hagu.

Delbert, masanin wasa, shi ne na ƙarshen lura. Ya ɗaga kai ya kalli allo, ya buɗe baki. "Kai jama'a, kun kuwa lura har yanzu babu wanda ya..."

Sandar Malama Opal ta sauka a kafaɗarsa.

"Delbert Hoag, haɗiye sauran."

Ya haɗiye.

A zagaye na biyar na ga ya fara jijjiga gwiwa, wadda ta hana shi zama ƙwararre da ɗayar duka. Ya sunkuya a hankali yana laluben takalmi. Kan sanda ya riga shi, ya danne takalmin a ƙasa.

"Ina zuwa?"

"Malama, nan kusa ne. Yanzu zan dawo."

"Ka nemi izini?"

"Malama, na fa haura hamsin."

"Ka haura hamsin kana jijjiga kamar ɗan aji ɗaya. Zauna daidai."

Arlo ya leƙo daga bakin layi. "Lafiya, maigida? Wani abu kake so a kawo maka? Faɗi kawai. Yau kai ba ka da ƙafa, mu ne ƙafarka."

"Abin da nake so ba a aike."

"To ba ka so ke nan," in ji Arlo, ya gyara zama ya toshe sauran hasken da ke shigowa.

Peguero ya sallami uku. Filin ya sauke numfashi. Sai na lura da wani abu mai muhimmanci, kuma da yake ni mutum ne mai kishin gari, na juya na faɗa.

"Malama, tun zagayen farko fa yana shan lemo. Yanzu kofin ya ƙare. Ban sani ba ko wannan canji ne."

Delbert ya juyo ya kalle ni. Na taɓa ganin irin kallon a fuskar wani kare da na taka wa jela.

Malama Opal ta yi nazari. "Canji ne. A sayo."

"Ni na biya," in ji wani daga baya.

"A'a, ni zan biya," in ji wani.

Kofi biyu suka iso. Delbert ya ce ya ƙoshi. Malama ta ce ba ta tambaye shi ba.

Zuwa zagaye na shida labari ya zaga fili. Mutane ba sa iya kallon allo, ba sa iya kallon Peguero don kada su yi masa baki, sai suka koma kallon Delbert. Aka miƙo masa burodin sosej daga hannu zuwa hannu. Wani tsoho ya rarrafo ya shafi takalmin ya koma. Mai shigar tarwaɗa, wanda ke rawa don yara, ya zo ya tsaya a kansa yana yi masa fifita da jelar roba. Kuma ka ji halin mutumin, duk da gumin da ke bin wuyansa sai da ya ɗaga hannu yana amsa gaisuwa.

"Kin gani ko, Marlys? Gari ya san..." Bai ƙarasa ba ya dafe mara.

"Gari ya san me?"

"Marlys, taimake ni. Karɓi katunan nan ki kai wa Darlene."

"Da hannunka aka ce. Kai ka karanta min dokar har na haddace. Kuma tun ɗazu ƙafata ɗaya na kan ɗaya, ba zan sauke ba."

Ya juyo gare ni, murya ƙasa ƙasa. "Kip. Ƙanina. Sa kwat ɗina da hulata ka zauna a nan, ba wanda zai gane."

"Yau ni ne ƙaninka? Ba mai cin dankali ba?"

"Zan ba ka motar."

"Suruki, ina ƙoƙarin taimakonka kana yi min barazana."

"Kwat ɗin ba ta fita," in ji Malama Opal daga baya. Kunnen matar nan bai tsufa ba ko kaɗan.

Zagaye na bakwai Peguero ya jefa kamar mai aljanu. Mai bugu na farko ya kaɗa iska. Na biyu ya kaɗa iska. Na uku ya ɗaga ta sama aka cafke. Mai molon fili ya danna waƙar, jama'a suka miƙe gaba ɗaya suna miƙa. Can ƙasa wajen ƙofa na hango Darlene ta fara tattara kwalaye, mai hoton jarida na tsaye a inda aka ce ya tsaya.

Delbert ya yunƙura. Hannun Arlo ya ratso ta gaban Yaya ya sauka a cinyarsa kamar cinyar sa a kan teburin yanka.

"Haba maigida. Kai da bakinka ka ce ba ka tashi a waƙa."

"Arlo, katina. Za ta rufe."

"Kati kuma? Ana wannan magana kana maganar kwali?"

"Wace magana?"

"Babu wata magana," in ji mutum kusan goma a tare.

Nan Delbert ya yi abin da tun da ya auri yayata ban taɓa ganin ya yi ba. Ya faɗi gaskiya.

"Jama'a ku saurare ni. Ƙarya nake. Takalmin matsa min ya yi. Ina tashi a waƙa, har rawa nake yi. Bayi kuwa kowane zagaye sai na je. Ni ba kowa ba ne, inshora nake sayarwa. Ku tambayi Kip."

Duk suka juyo gare ni.

Na girgiza kai cikin jimami. "Ban taɓa ganin tawali'u irin na mutumin nan ba."

"Allah sarki," in ji wata mata a gaba, har da share ido.

"Manyan mutane haka suke," in ji Arlo, ya ƙara danna hannu.

Waƙa ta kai rabi. Delbert ya dubi ƙofa, ya dubi hannun Arlo, idonsa ya yi ja. Sai ya ja numfashi ya yi magana a sanyaye, kuma wannan ne kaɗai wayon da zan yaba masa a ranar.

"Arlo, ɗauke hannunka. In ba haka ba zan faɗi sunan abin. Da ƙarfi zan faɗa, har yaron ya ji daga inda yake zaune."

Layinmu ya daina waƙa.

"Ba za ka iya ba," in ji Malama Opal.

"Malama, ki gwada ni. Har yanzu babu wanda ya bu..."

Arlo ya janye hannu kamar ya taɓa murhu.

"Namu ne za su yi bugu yanzu," in ji Delbert yana miƙewa a karkace. "Kafin yaron ya koma jifa na je na dawo. Ba abin da zai canza. Malama, takalmina."

"Takalmin na nan. Shi ya fi ka sanin ya kamata."

Haka ya sauka matakala da takalmi ɗaya da safa ɗaya, gwiwoyi a haɗe, ba a hankali ba kuma ba da sauri ba, wata irin tafiya ce da ban san sunanta ba. Na bi bayansa, saboda Yaya za ta so a kula da shi.

A ƙasan matakala hanya ta rabu biyu. Hagu teburin Darlene, dama bayin maza. Waƙa ta ƙare, amma Darlene, baiwar Allah, ba ta naɗe ba. Ta ɗaga katin tana yafito shi. "Yi sauri, na ƙara maka lokaci."

Ya juya hagu. Kansa da ƙirjinsa sun tafi hagu, na gani da idona. Daga ƙugu zuwa ƙasa ne suka yi nasu taron suka yanke hukunci, suka kwashe shi zuwa dama.

"Minti ɗaya, Darlene."

Sai dai duk wanda ya taɓa shiga fili ya san layin bayi bayan waƙa. Ya kai har bakin mai gugguru, maza ne zalla, kowa ya ƙagu ya koma kujerarsa. Delbert ya ja hula ya rufe fuska ya lafe a bayan wani dogo. Mutum cikin farar kwat da takalmi ɗaya, wai yana ɓuya.

Ni kuwa an koya min in ka ga babba ka gaishe shi.

"A'a, Delbert Hoag, kai ne a nan? To wa ke kan kujerarka?"

Layin ya juyo kamar mutum ɗaya.

"Shi ne?"

"Shi ne mana, ga ƙafar."

"Me kake yi a nan, bawan Allah?"

"Abin da kuke yi," in ji Delbert.

"Mu ai ba kowa ba ne."

Daga cikin fili aka ji ƙaramin gunaguni. Wani ya leƙa ya dawo da gudu. Masu bugunmu, waɗanda duk kakar nan ba su taɓa yin abu da sauri ba, sun fita su uku kamar ana korarsu. Peguero har ya ɗauki safarsa ya nufi tudun jifa.

Ba wanda ya ba da umarni. Kawai gani na yi ƙafafun Delbert sun bar ƙasa. Maza shida ko fiye suka ɗaga shi bisa kafaɗa, wani ya riƙe ƙafa, wani ya rungumi ciki, kuma wanda ya rungumi cikin bai yi masa adalci ba. Suka nufi matakala da gudu. Jama'a suka dare, wasu na tafi, mai hoton jarida na ta ɗauka. Abin da ya roƙa ke nan tun farko, a ɗauke shi a kafaɗa gari na kallo, ban san me ya sa yake ihu ba.

"Ku sauke ni! Ku bi ta tebur, don girman Allah ku bi ta tebur!"

Hanyar matakala da ma ta gaban teburin take. Ya zaro ledar katunan daga aljihu ya miƙa hannu iya tsawonsa. Darlene ta ɗaga ƙafa ta miƙo na takwas. Na rantse tsakanin yatsunsa da katin bai fi tsawon cokali ba.

Sai muka ji ƙarar. Ƙwas. Irin ƙarar da kulki ke yi in ya sami ƙwallo a tsakiya. Wani ɗan Masu Garma ya bugi ƙwallon Peguero ya tsira.

Filin ya yi wani nishi mai tsawo, kamar an zare wa babbar taya iska. Can ɓangaren baƙi 'yan Masu Garma suka ɓarke da sowa.

Darlene ta tsaya da hannu a sama. Ta kalli wajen fili, ta kalli Delbert. A hankali ta janye katin ta mayar cikin kwali, ta rufe.

Masu ɗauke da shi ba su sauke shi ba. Sakinsa suka yi, kowa ya tuna yana da hannu don wani aikin. Ya faɗo a gaban tebur, katunan bakwai suka watse cikin ɓawon gyada. Game da abin da ya kai shi layin bayi kuwa, ba zan ce komai ba don darajar yayata, sai dai in ce ya daina jijjiga, kuma farin wando ba ya riƙe sirri.

"Darlene," ya ce daga ƙasa. "Ga su nan duka bakwai. Ki ƙirga."

"An gama waƙa tun ɗazu."

"Kin ce kin ƙara min."

"Na ƙara wa wani mutum da nake zaton ɗan garin nan ne." Ta naɗe tebur ta saƙale a hammata, ta ɗauki kwalin, ta tsallake ƙafarsa mai safa ta nufi ofis.

Jama'a suka fara saukowa, ba mai zagi, ba mai duka. Kewaye shi kawai suka yi suna kallo, wanda ya fi duka ciwo. Arlo ya tsaya da hula a hannu kamar a makabarta. Yaya ta zo ta dube shi sama da ƙasa, ta ce da ni in nemo tsohuwar jarida a shimfiɗa a kujerar mota. Sannan aka buɗa wa Malama Opal hanya, tana dogara sanda, ta tsaya a kansa.

Wani ne da ya rufe fuska ya nemi ƙasa ta tsage. Delbert sai ya dogara da gwiwar hannu ya ɗago, ya dubi taron nan da ba a taɓa tara masa irinsa ba, na ga ƙirjin ya fara kumbura.

"To kun dai gani da idonku," ya ce. "Ina barin kujera aka buge shi. Duk garin nan ni kaɗai nake riƙe da yaron. Yanzu wa ya ce ƙarya nake?"

Malama Opal ta gyara gilashinta.

"Kai ka ce."